Shekarar da Aka Yi Zawarci da Fuskata

Yanzu na zo kan shekarar da kuka fi son labarinta, wadda kuma kuka fi ɓatawa wajen faɗa. Na ji yadda ake ba da shi a Kumasi, a gidan yayanku Alhassan, wai Baba ya tsufa ya ruɗe, ya shiga waya ya auro mata. Na ji na Accra ma, inda aka ƙara da cewa har rini na sa wa gemuna. Ban sa rini ba, hasken wayar kawunku Issaka ne ya yi haka. Tunda ni abin ya sama, ku bar ni in faɗa da bakina. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya gyara a zuciyarsa. Aji huɗu na yi a boko, malaminmu ya ga ba ni da niyyar karatu, ni ma na ga ba shi da niyyar daina duka, muka rabu lafiya.

Kafin ku gane abin da ya faru, sai kun tuna irin gidan da kuka fito. Kakanninmu fataken goro ne da suka zo Salaga suka zauna, suka zama masu masauki. Falke ya sauka a gidanka, ka ba shi ɗaki, ka tsare masa kaya, ka tsaya masa a kasuwa. Mai masauki ba shi da wani jari sai sunansa, domin mutum ba ya barin kayansa a gidan da aka taɓa ce masa an yi ƙarya a ciki. Goro ya wuce, muka koma doya da hatsi, amma dokokin gida biyu suna nan yadda ubana ya bar mini su. Ta farko, baƙo in ya yi sallama a ba shi ruwa da tuwo da tabarma, ba a tambayarsa abin da ke tafe da shi sai ya kwana. Ta biyu, duk inda ka je aka tambaye ka daga ina, ka kwatanta gida sosai, don kada wani ya zo garin ya rasa inda zai sauka. Muna yara ana sa mu haddace kwatancen kamar karatun allo: in ka sauka a tasha ka bi hanyar tsohuwar kasuwa, ka bar masallaci a hagu, gidan da ke da rijiya a ƙofa da mangwaro a kanta. Na faɗi wannan kwatance ga mutane a Kumasi, na faɗa a Bolga, na faɗa wa wani Bature a cikin jirgi da za mu aikin Hajji, ko Hausa ba ya ji.

Mahaifiyarku Azara ta rasu, Allah ya kai haske kabarinta. Bayan haka 'yar'uwarku Adisa ta dawo gida da 'ya'yanta, mijinta yana aiki a kudu, ita ke riƙe da ni. Kada wani ya ce na rasa abinci ko wanki, Adisa ba ta rage ni da komai ba. Abin da na rasa daban ne. Na rasa wanda zan ba labari ya ce mini ƙarya nake yi. Ku 'ya'ya duk abin da na faɗa sai ku ce haka ne Baba, ko da na ce doya na fitowa a kan bishiya. Azara kuwa ko gaskiya na faɗa sai ta rage mata wani abu. Gida ya yi mini shiru ko da yake cike yake da yara.

A cikin wannan hali na je Yendi wajen wani suna, na sauka wurin Issaka. Kun san shi, taubashina ne, mai sayar da kayan babur kusa da tasha, kuma tun muna yara bai taɓa faɗa mini magana mai daɗi ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Gwauro, ka rame. Kawo wayarka."

"Me za ka yi da ita?"

"Zan kai ka kasuwar da ba a biyan kuɗin rumfa. Kyauta ce."

Ɗan kasuwa in ya ji an ce kyauta ya kamata ya tsaya ya yi tunani. Ni da na ji kyauta sai na miƙa waya. Ya sa mini abin da ku kuke kira ap, 'yan rediyo ke cewa manhaja, ni kuwa na sa mata suna kasuwar zawarawa. Ya ɗauke ni hoto a gaban shagonsa, ya nuna mini yadda ake yi: hotunan mata suna wucewa, wadda ta yi maka ka tura ta dama, wadda ba ta yi ba ka tura ta hagu. Ni duk dama nake turawa, don ba a yi mini tarbiyyar korar baƙo ba.

Yawancinsu da sun ga gemu sai su yi gaba. Guda ɗaya ta tsaya, ta ce sunanta Rakiya, ma'aikaciyar asibiti ce a Tamale, mijinta ya rasu. Mai ladabi, mai son jin labari. Ta tambaye ni daga ina nake, sai karatun allo ya taso, na zuba mata kwatance tun daga tasha har gindin mangwaro. Ta ce tana son ganin rijiyar, na ɗauka na tura. Ta ce tana son ganina da babbar riga, na sa ta Sallah na tsaya a gaban tarin doya. Ta tambayi sunan marigayiya, da inda kowannenku yake zaune, duk na faɗa, ina jin daɗi an sami mai tambaya. Ta nemi hoton katina na ɗan ƙasa, wai tana son ganin yadda nake da ƙuruciya. Wannan kaɗai ne ban tura ba, ba don wayo ba, don katin yana cikin akwatin Adisa ne kuma ban san ƙaryar da zan yi in karɓo shi ba. Duk sanda na ce mu yi kiran da ake ganin fuska, sai ta ce kyamararta ta fashe. Wata rana na duba babu ita, har hoton nata ya ɓace. Na ce wataƙila ta sami mai baƙin gemu, na yi mata fatan alheri, na koma harkar doyata.

Doya sabuwa ta fito, ta ƙare, rani ya shigo. Wata rana bayan la'asar ina zaune a zaure, sai ga wani dogon mutum ya yi sallama, warin albasa ya riga shi shigowa. Da ka gan shi ka san a kan lorin albasa ya taho daga arewa.

"Nan ne gidan Alhaji Seidu?"

"Ka iso. Shigo ka sha ruwa."

Ya miƙo mini farin goro a naɗe cikin ganye, na karɓa na yi godiya, don haka baƙon kirki yake yi. Na tashi na ɗebo masa ruwa a rijiya da hannuna. Na lura yana bin ƙafafuna da kallo, kamar mai sayen jaki. Na zauna, ya dubi ƙafa. Na tashi, ya dubi ƙafa. Da na hau babur zan je in sayo masa nama, na taka shi ya tashi da bugu ɗaya, sai ya gyara zama.

"Alhaji, ƙafa ta yi sauƙi ke nan."

Na zaci gwiwata yake nufi, wadda ke ciwo in hadari ya taso.

"Alhamdu lillahi. Sai dai in an yi sanyi."

Ya sake duban ƙafar. Can ya fita ƙofar gida ya tsaya.

"Rijiyar ke nan."

"Ita ce."

"Mangwaron ke nan."

"Shi ne. Bana bai yi 'ya'ya sosai ba."

Adisa ta ja ni gefe ta ce, "Baba, wannan baƙon ko daga ofishin filaye yake? Yana ta ƙirga mana bishiya." Na ce mata ko daga ina yake bai kwana ba tukuna, ta kai masa tuwo. Ya ci, ya yi sallah tare da mu, ya kwanta a ɗakin baƙi. Ashe shi yana jira in tambaye shi labarin wadda ta aiko shi, yana mamakin irin wannan manemin aure da ko sunanta bai ambata ba. Ni kuwa ina tunanin inda zan samo masa mai sayen albasa.

Da safe aka kawo koko da ƙosai. Adisa na tsaye da buta a bakin zaure. Na ce, "To baƙo, ka kwana. Me ke tafe da kai?"

"Sunana Fuseini, daga Bawku. Ni ƙanin Memuna ne."

"Madalla. Wace Memuna?"

Ya ajiye kofin koko a hankali. Ya ciro waya ya miƙo mini, sai ga ni a ciki da rigar Sallah a gaban tarin doya. Ga rijiya, ga mangwaro, ga sunana. A ƙasa kuma ga maganganun da wai ni na rubuta wa yayarsa, wata bazawara mai sayar da albasa buhu-buhu, wata da watanni ana yi. Na sa tabarau na karanta. Wallahi mutumin ya iya magana. Yana ce mata tun da Azara ta rasu bai ji sanyi a zuciyarsa ba sai da ya ji sunanta, yana tambayarta ko ta ci abinci, ko ƙafarta ta huta. Shekarun da na yi da mahaifiyarku ban taɓa haɗa irin waɗannan kalmomi ba, mafi daɗin abin da na taɓa ce mata shi ne miyar yau ta fi ta jiya. A ƙarshe sai ga labari: wai lorin doyata ya kife a hanyar kogi, na karye a ƙafa, ina kwance a asibiti, 'ya'yana na kudu ba sa ɗaukar waya, ta taimaka ta turo wani abu ta momo, wato kuɗin waya, kafin in tashi. Memuna ta ce masa a gidansu ba a duba marar lafiya ta waya, za ta aiko ƙaninta da goro. Ya ce kada ta wahalar da kowa. Ta ce to, sannan ta sa Fuseini a lori ba ta gaya wa mutumin ba.

Na ce, "Wannan ba ni ba ne."

Fuseini ya ce, "Fuskarka ce. Rijiyarka ce. Sunan marigayiya ma daidai yake."

"Na rantse da Allah ban taɓa jin sunan yayarka ba sai yau."

"Wancan ma yana rantsuwa, har ya fi ka."

Na dubi Adisa, ta dubi ƙasa. A nan na gane inda Rakiyar asibiti ta tafi da kayana. Babu wata Rakiya, ɗan sakawa ne, irin waɗannan da ke damfarar mutane ta waya, na ba shi gidan ubana ɗaki-ɗaki da hannuna ya je yana kasuwanci da shi. Kuma ba ni da abin da zan nuna in wanke kaina, domin duk shaidar da zan kawo ita ce shaidar da ɓarawon ya riga ya kawo.

Memuna ce ta raba gardamar. Fuseini ya kira ta, ya yi mata bayani da Hausarsu ta Bawku mai gudu, na ji muryarta daga nesa tana cewa ya karɓi wayata ya sa a aljihunsa, ya sa ido a kan hannuwana. Ta ce za ta rubuta wa Alhajinta yanzu. Na riƙe kofin koko da hannu biyu kamar ɗan fursuna. Ba a jima ba ta ce ya amsa, wai yana kan gadon asibiti, ƙafa na masa zogi, amma tunaninta ne maganinsa. Daga nan ta ce a kunna kiran ganin fuska. Na ga mace mai tabarau a zaune cikin buhunan albasa, ba ta murmushi.

"Kai ne Alhaji Seidu?"

"Ni ne na gaskiyar."

"Tashi tsaye. Ɗaga ƙafar dama."

Na ɗaga.

"Ɗayar."

Na ɗaga. Tun da aka haife ni ba a taɓa duba ni kamar ragon layya ba sai ranar. Ta ce, "To, sannu da samun lafiya," ta kashe.

Da Fuseini ya tafi, Adisa ta rufe ƙofar zaure, abin da ba a yi da rana a gidanmu. Ta ce, "Baba, maganar nan ta tsaya a nan. Ina da surukai a garin nan, kana da jikoki mata da za a zo nema. Kada kowa ya ji ka shiga wannan abin." Na ga tana da gaskiya. Na kira Issaka, bayan ya gama dariyarsa ya nuna mini inda ake kai ƙarar shafin ƙarya a cikin manhajar. Muka kai, aka cire. Ba a yi sati ba fuskata ta sake fitowa, da rijiyar da mangwaron, an ɗan canza wa sunan kwalliya. Muka sake kaiwa, ta sake fitowa. Na goge nawa shafin, amma hoton da ya riga ya fita ba ya dawowa gida.

Sai Memuna ta aiko cewa tana son mu gana. Ita ta kafa sharuɗɗa, ba ni ba. Ba za ta zo Salaga ba, ba zan je Bawku ba, garin ma ba a zaune yake ƙalau ba a lokacin. A Yendi za a haɗu, da rana tsaka, a gaban shagon Issaka inda jama'a ke wucewa. Za ta zo da ƙaninta, in zo da 'yata, kuma kada a tambaye ta inda za ta sauka. Adisa ta ce wa ya sani ko wannan ma tarko ne. Na ce to ai shi ya sa za ki bi ni.

Muka zauna a benci, babura na ta wucewa suna watsa mana ƙura. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Alhaji, ni ban rasa komai ba sai lokacina. Ban gaya masa unguwarmu ba, ban ba shi lambar sirrin wayata ba, duk sanda ya ce kyamara ta fashe ina ajiyewa a raina. Amma ba ni kaɗai ba ce. Akwai wata a Pusiga, muna sarin albasa wuri ɗaya. Ita ta tura. Awakinta ta sayar ta tura wa mai karyayyar ƙafa. Yanzu duk lorin da ya tsaya a can sai ta gaya wa direba cewa Alhajin Salaga mai rijiya a ƙofa ya cuce ta."

Na ji kamar an zuba mini ruwan rijiyar a baya. Tun zamanin goro ba a taɓa haɗa gidan nan da cuta ba, ga shi ana yawo da sunansa a kan iyakar Togo.

"Me kike so in yi?"

"Ka fito ka faɗa da bakinka. A masallaci, a tasha, a waya. Direbobi sun fi kowace manhaja saurin kai labari."

Adisa ta ce, "Hajiya, kin san abin da kike nema? Dattijo ne. Shi ake aikawa neman aure a unguwarmu."

Memuna ta ce, "Na sani, 'yata. Ni ma bazawara ce mai jikoki, kuma ga ni a zaune a bakin tasha saboda na shiga waya neman miji. Ban ga abin kunya a neman abokin zama ba. Amma in ya yi shiru, gobe wata za ta sayar da keken ɗinkinta."

Issaka, wanda ba a tambaye shi ba, ya ce, "Gwauro, dama mutuncinka ba shi da yawa, ba za ka yi asara sosai ba."

Muka kama hanyar komawa. Ina auna abu biyu: fuskata a unguwa, da sunan gidan da aka bar mini amana. Na ga fuskar ma ai an riga an sace ta. Ranar Juma'a bayan an idar da sallah na nemi izinin liman na tashi. Na ce jama'a, ni Seidu na shiga kasuwar zawarawa ta waya, babu wanda ya tura ni sai taubashina, an ɗauki hotona da kwatancen gidana ana damfarar mata da su, duk wanda ke da 'yar'uwa a arewa ya gaya mata. Sai wani tsoho a sahun baya ya ce, "An dace kuwa?" Daga nan ba a ƙara jin maganata ba don dariya. Na tafi tasha na maimaita wa direbobin doya da na albasa. Sannan aka ɗauke ni bidiyo don a tura cikin ƙungiyoyinsu na waya. Na so in tsaya a bakin rijiya, Memuna ta aiko cewa in tsaya a gaban bango fari wanda ba ya nuna komai, kada in ƙara wa ɓarawo kaya. Na tsaya da ƙafafuna biyu na ce ga ni, lafiyata ƙalau, ba na roƙon kowace mace komai ta waya, duk wanda ya ƙi nuna fuskarsa tana motsi kada a saurare shi, duk wanda ya ce a turo a aika mutum ya je ya gan shi. Na gama ban faɗi hanyar tsohuwar kasuwa ba, ban ambaci mangwaro ba. Ranar ce na fara yi wa baƙi magana ban kwatanta musu gida ba, bakina har ƙaiƙayi yake.

Ga abin da na biya, tunda ku ba ku nan. Aka sa mini suna Angon Waya, har yaran da ban san iyayensu ba suna kirana da shi daga bayan katanga. Aka daina aikena neman aure. Ba wanda ya ce an cire ni, kawai sai na riƙa jin an je an dawo, kuma har yau ba a mayar da ni ba. Wannan ya yi mini zafi fiye da yadda na nuna, domin aikin nan na fi iya shi a kan sayar da doya. Adisa kuwa ta yi damina guda tana ajiye mini abinci ta juya. Baba ga tuwo, Baba ga ruwa, shi ke nan.

Kaka ta yi, sai ga wata mace gajera ta yi sallama da yamma, da ƙullin kaya a ka. Na san ko wace ce tun kafin ta zauna, ita ma ta san na sani. Adisa ta ɗebo mata ruwa, ta kai ta ɗakinta, ba ɗakin baƙi ba. Ba wanda ya tambaye ta komai. Da safe bayan koko na ce, "Baƙuwa, kin kwana. Me ke tafe da ke?" Ta ce daga Pusiga take, wani direba ya nuna mata bidiyona, ta zo ta gani da idonta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta dubi rijiyar.

"Na zagi gidan nan a gaban mutane da yawa," in ji ta.

Na ce, "Ni na ba da abin da aka cuce ki da shi. Ki ƙara kwana."

Ta ƙara. Ita da Adisa suka yini a madafa, ban san abin da suka tattauna ba, na dai ji kuka, daga baya na ji dariya. Da za ta tafi muka ɗora mata doya a lori, ta ce duk direban da ta gaya wa na farko za ta neme shi ta gaya masa na biyu. Awakinta ba su dawo ba, ɓarawon ma ba a kama shi ba, sai dai fuskata ta daina yi masa ciniki ya jefar da ita. Da lorin ya tashi Adisa ta zo ta zauna kusa da ni a zaure, karo na farko tun Yendi. Ta ce, "Baba, rigar da ka sa a bidiyon nan ba a goge take ba. Da ka gaya mini."

Maganar aure daga baya ta zo, kuma ba ta waya ba. Na aiki Issaka Bawku da goro kamar yadda ake yi, tunda ni an sallame ni daga aikin. Memuna ta sa aka bincike ni a wurin direbobi, da masu doya, da wata tsohuwa da ta san mahaifiyata, har limaminmu sai da aka tambaya ko ina zuwa asuba. Da aka gama ta ce ta yarda, bisa sharaɗin ba za ta bar albasarta ba kuma wayata ba za ta ƙara samun manhajar kyauta ba sai ta gani. Saboda haka duk wanda ya sake cewa Baba ya samo mata a waya, ku gyara masa. Ɓarawo ne ya yi zawarcin, ni aka kawo wa goron.

Tana nan a tsakar gida yanzu da nake wannan rubutu, ita kuke kira Mma Memuna. In ta tafi Bawku sarin albasa takan ce in riƙa rubuto mata wani abu da safe. Ina rubutawa. Jiya ta dawo, ta zauna ta buɗe wayarta a gaban Adisa ta karanta na ranar Talata da ƙarfi: "Kin tashi lafiya. Doya ta yi tsada. Akuyar maƙwabci ta sake shigowa." Ta cire tabarau ta dube ni.

"Da ɓarawon ne, da ya ce mini tauraruwa."

Na ce, "Wancan ai ƙafarsa a karye take. Ni da na faɗa miki akuya ta shigo, ta shigo."

"Ƙarya kake yi," in ji ta. "Tunkiya ce, Adisa ta gaya mini."